Tukunyar Inna da Motar Rimot

Abin da na sani game da aure kafin in shige shi, daga littattafan haya na samo shi. Akwai wani ɗan shago a bayan kasuwar Tudun Wada inda muke karɓo su muna 'yammata, mu ɓoye a cikin hijabi har gida. A cikinsu miji yakan dawo daga tafiya da turare a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon matarsa har sai ta sunkuyar da kai, sannan ya faɗi wata doguwar magana da za ta riƙe a zuciya shekara da shekaru. Ni kuwa direba na aura. Direban masu haƙa rijiyar burtsatse ne, yana jan motarsu mai manyan tayoyi zuwa ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Yakan yi makonni bai dawo ba. In ya dawo, jar ƙasa har cikin kunnensa, maganar farko da zai yi ita ce, "Akwai ruwan zafi?" Na daɗe ina juya wannan tambayar a raina har ta koma irin maganar littafi. Wani lokaci ta koma, wani lokaci ta ƙi.

Ciwon suga ne ya ci masa ƙafar dama. Daga ɗan ƙurji a yatsa aka fara, aka ƙare da yankewa ƙasa da gwiwa. Ƙafar totur da birki ke nan. Da muka dawo daga asibiti ya shige ɗaki, kuma bai sake fitowa ba. Sandunan da aka ba shi suna jingine a bayan ƙofa. Masallacin da ke kan kwanarmu ya daina zuwa, zaure ma ya daina leƙawa. Abokansa direbobi in sun zo sai ya ce in ce barci yake yi, har suka gaji suka rage zuwa. 'Yarmu tana gidan mijinta a Kwangila, ɗanmu yana makaranta can nesa. Gidan ya rage daga ni sai shi sai labulen da ba ya so a ɗaga.

Maƙwabciyarmu ce take wanke masa ciwon. Nas ce mai ritaya, Kirista, asalinsu 'yan Wusasa ne, duk layinmu Mama Nas ake kiranta. Ranar da ta cire bandejin ƙarshe ta ja ni zaure.

"Maƙwabciya, ni aikina ya ƙare," in ji ta. "Wurin ya warke sarai. Amma na ga maza irinsa da yawa. Wanda ya fita ya sha iska yana rayuwa. Wanda ya zauna a ɗaki, ɗakin ne ke cinye shi tun kafin sugan ya waiwaye shi. Ki fitar da shi, ko da faɗa ne."

"Mama, mutumin da ko taga ba ya so a buɗe?"

"To ki nemo abin da zai sa ya buɗe da kansa."

Na nema. Na dafa abin da yake so na ajiye a tsakar gida, ya ce in shigo da shi. Na kai rediyonsa gindin darbejiya, ya haƙura da jin labarai. Na ce masa kwaɗon ƙofar gida ya cije, ya ce in kira kafinta. Na gaji, amma ba ni da wurin ajiye gajiyar.

Ƙanensa ne ya zo da motar. Autan gidansu ne, yana gyaran na'urori a Kaduna, kuma tun ina amarya muke wasan ƙanin miji da shi. Ya shigo da kwali a kafaɗa.

"Matata, kin rame. Yaya ba ya ba ki abinci ne? Ki tattara ki dawo wurina."

"In dawo in ci me, Auta? Wayar wuta?"

Ya buɗe kwalin a gaban yayansa. Motar rimot ce, ta hannu, wani abokin aikinsa ya bar masa. Ba irin ta yara da ake sayarwa da salla ba ce. Tsawonta ya kai kamu guda, tayoyinta masu haƙora kamar na tarakta, kowace taya da nata shokozoba mai sifirin na gaske. In ka danna bayanta sai ta duƙa ta taso a hankali, kamar mai numfashi.

"Yaro ka mayar da ni?" in ji maigidana.

"Yaya, wallahi manya ke tsere da irinta. Ta daji ce. Irin hanyar da ka saba."

"Ɗauke ta ka kai wa 'ya'yanka."

Auta bai ɗauke ta ba. Ya bar ta a tsakar gida kusa da turmi, ya ɗora rimot a kan taga, ya kashe mini ido ya tafi. Kwanaki tana nan, ina zagaye ta da tsintsiya. Wata safiya ina wanke-wanke na ji wani siririn kuka kamar na zuma a cikin gwangwani. Na leƙo. Yana zaune a dokin ƙofa, dungulmin ƙafarsa a kan matashi, rimot a hannu, motar tana zagaya turmi da baya. Ya hau da ita kan rariya, taya ɗaya a sama, ya tsaya, ya sauke ta a hankali yadda ake sauke mota mai kaya a gangare. Na koma na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Tsakar gida ta yi masa kaɗan cikin mako guda. Shi da kansa ya ce a kira keke mai ƙafa uku na haya. Akwai wani fili wajen Tudun Jukun inda magina suka haƙe marmara suka bar ramuka da tuddai, nan ya zaɓa. Duk Asabar bayan la'asar sai mu tafi. Ni ke ɗaukar kujerar roba, da jakar batir, da fulas ɗin shayi marar suga, da motar kanta. In babu wuta a gida, ni ke kai batir wurin mai cajin waya in zauna jira, yana tambayata wace irin waya ce take cin wannan. In motar ta kife a cikin rami, ni ke naɗe hijabi in gangara in ɗauko ta, in hauro ina haki. Gwiwoyina ba na yarinya ba ne. Amma in na hauro sai in tarar da fuskarsa yadda na san ta a da, ido a ƙanƙance, kai a karkace, yana karanta ƙasa. Yana yi wa motar magana ƙasa-ƙasa. "Sannu dai, sannu. Kar ki bi ta laka." Ni bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba, kuma na yi mamakin yadda ban ji haushi sosai ba.

Matsalar ita ce roba. Duk abin da ke ƙarƙashin motar na roba ne: farantin da komai yake zaune a kai, wanda shi yake kira shasi, da hannuwan da suka fita daga jikinsa suka riƙe tayoyi. Akwai wani tudu a filin da ya ƙwallafa rai a kansa. In ya sako motar da gudu ta hau shi sai ta tashi sama, in ta diro sai ka ji ƙas, taya ɗaya ta kwanta gefe. Hannu ya karye. Ya liƙe da gam, ya ɗaure da zaren buhu, ya ƙona ƙusa ya narka bakin robar ya haɗe. Asabar mai zuwa ya sake karyewa a gefen ɗaurin. Kuma duk makon da motar ta kwanta, shi ma kwanciya yake yi, labule a sake. Na zama ina sauraren ƙarar dirar motar nan kamar mai jiran sakamakon likita.

Auta ne ya nuna mana a wayarsa cewa ana yin waɗannan hannuwan da alminiyam. Inji ne ke sassaƙa su, a rina su shuɗi ko ja. Na karɓi wayar na daɗe ina kallo. Sun yi kama da kayan lefe, irin abin da saurayin littafi zai ciro daga aljihu a cikin ɗan akwati mai auduga. Auta ya yi odar su daga ƙasar waje. Muka yi ta jira har damina ta wuce. Da suka iso, na gaba kaɗai suka shiga. Sauran na wata irin mota ne daban, ramukan notinsu ba su dace ba ko kaɗan.

Na gaban kuwa ba su sake karyewa ba. Sai karayar ta koma baya.

"Kin gani ko?" in ji maigidana. "Ƙarfe ba ya wasa. Duk sai sun koma ƙarfe."

Wata rana yana zaune yana juya ɗaya daga cikin shuɗayen da ba su shiga ba, ya ƙwanƙwasa shi da cokali, ya kasa kunne. Sannan ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa tukunyar miya da ke kusa da shi.

"Ashe dalma ce. Irin ta tukunya. Rini kawai suka yi mata."

A wani lungu bayan kasuwa akwai wani dattijo mai zuba tukwanen dalma. Muka hau keke muka je, kuma ni a ranar murnata ita ce ga wani wurin da ya yarda ya je ba fili ba. Dattijon ya karɓi karyayyen hannun da aka liƙe, ya ɗaga shi sama, ya yi dariya har da tari.

"Malam Direba, ni tukunya nake yi, da ludayi, da tanda. Ƙafar mota ban taɓa ba."

"Baba, in ka iya kunnen tukunya ka iya wannan."

"Zuba shi ba wuya. Ƙarfen ne. Na yanzu duk gwangwanin lemo ne, laushi gare shi, da hannu ma sai ka lanƙwasa. Sai dai in kuna da tsohuwar tukunya irin ta da. Waɗancan da fistan ɗin manyan motoci aka zuba su. In ka samu irinta, to ka samu ƙarfen inji."

Maigidana bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, amma tukunya ɗaya muke gani.

Ta Innata ce. Da ita aka yi bikinta, da ita aka yi nawa, ta biyo ni cikin kayan ɗaki. Mata biyu ke kama kunnuwanta in ta cika. Babu suna ko biki ko sadakar mamaci a layinmu da ba a aiko aronta ba. Kuma a wurinmu ba a mayar da tukunyar aro wayam, don haka kullum takan dawo da wani abu a gindinta, ko tuwo, ko waina, ko ɗan nama a leda. Mama Nas ke ɗaukarta duk Kirsimeti ta dafa shinkafar da take rabawa gida-gida, ta dawo mini da ita da kaza guda a kwance a kan shinkafa. Da tukunyar nan aka san ni a layin fiye da yadda aka san ni da fuskata.

Na kwana biyu ina shirya yadda zan ba shi. Na san irin wannan wurin a littafi: mace ta cire abin da ta fi so ta miƙa, namiji ya rasa bakin magana, idonsa ya ciko. Na yi wanka da la'asar, na sa turaren wuta, na ɗaura atamfar da ya taɓa cewa ba laifi. Na jawo tukunyar har gabansa, na durƙusa, na ce, "Malam, duk abin da na mallaka naka ne. In wannan za ta tayar da kai, a narka ta."

Ya dubi tukunyar, ya ƙwanƙwasa gefenta, ya ɗaga murfin ya auna nauyinsa a hannu.

"Murfin ma ya isa tukuna," in ji shi.

Na tsaya a wurin har turaren ya cinye.

Na ga yadda aka fasa murfin da guduma. Dattijon ya cika akwatin katako da ƙasa mai damshi, ya danna hannun robar a ciki ya cire, siffarsa ta zauna. Ya juya wilin keken da yake hura wutar gawayi da shi, gutsattsarin murfin suka lotsa, suka zama ruwa mai sheƙi kamar wata a cikin rijiya. Zubin farko ya fito da ramuka kamar burodi. Na biyu bai cika ba, ƙarfen ya daskare a hanya. Sai dattijon ya ce dole a yi su da kauri, don ruwan dalma ba ya bin siririyar hanya. Aka yi su da kauri. Suka fito da gemu-gemu a gefe, munana, ba su da dangantaka da shuɗayen nan masu kama da kayan lefe.

Gyaransu ya koma gida. Maigidana ya aro magagari da abin huda ƙarfe, ya ce hasken ɗaki bai isa ba, a kai masa tabarma zaure. Zaure fa, inda duk mai wucewa zai gan shi. Daga safe zuwa azahar sai ƙarar goge ƙarfe, ƙurr, ƙurr, har cikin haƙorana nake jinta. Garin dalma ya shiga ko'ina. Yana kan darduma, yana cikin gemunsa, na taɓa ganin yana ƙyalli a kan tuwo. Ina sharewa yana dawowa. Amma masu dawowa daga masallaci sun fara tsayawa a bakin zauren. Wani ya ce ya rage nan, wani ya ce a'a can. Ranar da na ji yana musu da wani tsohon abokinsa a kan wace hanya ta fi muni tsakanin ƙauyuka biyu da ban san su ba, na ajiye tsintsiya na zauna a kan turmi, na bar garin dalmar inda yake.

Da Kirsimeti ya zo Mama Nas ta aiko aron tukunya, sannan ta biyo sawu da kanta.

"Maƙwabciya, an manta murfin."

"Ba a manta ba, Mama. Yana ƙarƙashin mota."

Ta dube ni, ta leƙa zaure inda yake goge-gogensa, ta dawo da kallonta kaina.

"Ni na ce ki fitar da shi. Ban ce ki ciyar da motar da kayan ɗakinki ba."

"Ai ya fita."

"Ya fita kam. Zan rufe da babban tire. Amma shinkafa in ta yi ɗanye-ɗanye, sunan mijinki zan faɗa wa mutane."

Ta dawo da ita da kazarta kamar kullum. Wannan ne aron ƙarshe da aka yi wa tukunyar, ko da yake a lokacin ba mu sani ba.

Da hannuwa huɗu suka zama ƙarfe, sai shasin robar ya tsage daga inda suka kama shi. Ya zauna yana kallon tsagar, ni kuma ina kallon labulen ɗaki. Shasi faranti ne mai faɗi, ragowar murfin ba za ta yi shi ba. Bai roƙe ni ba. Sau ɗaya kawai idonsa ya je kan tukunyar da ke kife a kan rumfa ya dawo. Wannan karon ban yi wanka ba, ban sa turare ba. Na sauko da ita, na goge mata ƙura da gefen zanena, na ce, "A kira keke." Ban bi su ba. Ban so in ji ƙarar gudumar.

Dattijon ya aiko cewa zai zuba mini 'yar ƙarama da abin da ya saura. Amma faranti mai faɗi ya fi hannu wuya. Wani ya kantare, wani ya tsage yana hucewa, kuma duk narkawa sai an kwashe datti a zubar, ƙarfen yana raguwa. Kafin a samu wanda ya miƙe, tukunyar Inna ta ƙare a cikin gwaji. Matan layi suka riƙa aikowa aro, ina cewa babu. Wasu suka ɗauka rowa na fara. Na bar su a haka, don bayanin ya fi rowar nauyi a baki.

Bayan ruwan farko aka gama haɗa ta. Auta ya zo daga Kaduna don ya gani. Da na ɗauke ta zuwa keke na ji ta yi nauyin jariri ɗan wata shida. A filin ƙasa ta yi laushi, marmara ta yi ja sosai, ciyawa ta fara tsirowa a bakin ramuka. Maigidana ya kunna ta. Tafiyarta ta canza, ta daina tsalle-tsallen nan, tana tafe a natse kamar babbar mota. Ƙarƙashinta yana walƙiya in ta juya wa rana. Na ce a raina, Inna, ga ki nan kina gudu a Tudun Jukun.

Ya nufi tudun. Ta hau, ta tashi, ta diro da ƙafa huɗu, tim. Babu ƙas. Masu kallo suka tafa. Auta ya ce, "Matata, tukunyarki ta yi." Maigidana kuwa na ga kunnuwansa sun motsa, yadda suke yi in yana danne murmushi. Ya zagayo ya sake, ya kuma sake. A wata dirar sai kukanta ya canza. Injin yana ihu, siriri, tayoyi kuwa suna tsaye cik.

Na naɗe hijabi na gangara. Da zafi na ɗauko ta, na kawo masa na ɗora a cinya. Hannuwa lafiya, shasi lafiya, ko lanƙwasa babu. Ya kwance notuna ya buɗe ɗan akwatin da haƙoran giya suke ciki, wanda yake kira giyabos. Ya rabe biyu. Fararen haƙoran suka zubo a tafinsa kamar ɓarzajjiyar shinkafa.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"A da hannun robar ne ke shan dukan," in ji shi. "Shi yake karyewa don na ciki ya tsira. Mun hana shi karyewa, sai dukan ya wuce ciki. A babbar mota ma haka ne. Kowace mota akwai abin da ake bari ya karye."

"Yaya, ka san haka?" in ji Auta.

"Na sani mana."

"To me ya sa, Malam?" Ni na tambaya, kuma ban ɗaga murya ba, ƙarfin ɗagawar ma babu.

Ya juya haƙoran da ke tafinsa da ɗan yatsa.

"Na gaji da ganin abu yana karyewa ta ƙafa."

Auta ya ɗauki kujera, na ɗauki motar, muka nemi keke.

Dattijon ya ce haƙora irin waɗannan ƙasa ba za ta iya riƙe siffarsu ba, sun yi ƙanƙanta. Auta ya bincika ko'ina a wayarsa, ya ce an daina yin irin wannan motar, kayan cikinta sai dai a dace. Ba a dace ba. Tabarma ta dawo daga zaure. Labule ya sauka. Magagarin ya fara tsatsa a kan taga, mai shi ma bai zo karɓa ba. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. A wannan karon ban dafa komai na ajiye a tsakar gida ba, ban ƙirƙiri kwaɗon da ya cije ba. Dabarata ta ƙare, tukunyata ta ƙare. Nakan zauna da littafi a cinya bayan la'asar, in karanta shafi ɗaya sau da yawa ban san me ya ce ba.

Wata Asabar na je Kwangila duba 'yarmu da ba ta jin daɗi. Da na dawo na tarar da labule a ɗage, ɗaki wayam, sanduna babu. A kan tabarma ga tayoyin motar nan huɗu an jera su, ga murfinta na roba, ga injin. Duk wani abu na ƙarfe an kwance shi. Na fita ko takalmi ban daidaita ba. Mama Nas tana ƙofar gidanta tana tsince wake.

"Kwantar da hankalinki, ya fita. Da buhu a rataye a wuya. Na ce in tare masa keke, ya ce yana da baki."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai. Zauna ki taya ni tsintar nan, tsayuwa ba za ta dawo da shi ba."

Gab da magariba keke ya sauke shi. Na riga na koma ciki, ina tsaye a tsakar gida na ji ƙwas, ƙwas ɗin sanduna a zaure. Ya tsaya a bakin ƙofa, rigarsa ta jiƙe da gumi, toka a gemunsa. Ya sauke buhun ya tura mini da sanda. Tukunya ce a ciki, sabuwar zubi, da sauran ɗumi. 'Yar ƙarama, wadda ba za ta wuce tuwon mutum biyu ba. Kunnenta ɗaya ya ɗan karkace.

"Har da shuɗayen?" na tambaya.

"Har su. Wuta ta cinye launin." Ya gyara tsayuwa. "Ƙarfen bai kai murfi ba."

Yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona, ya dawo daga tafiya, ya kawo mini abu. Na lura da hakan sarai. Na sunkuyar da kai ma, na jira.

"Akwai ruwan zafi?" in ji shi.

Akwai. Na dafa shi a cikin sabuwar, don a fitar mata da ƙasar zubi.

Yanzu da ita nake girki, ina rufe ta da faranti. Ba mai aiko aronta sai Mama Nas, wadda ta ce ta isa miya, kuma ta dawo da ita da cinyar kaza a ciki. Tayoyin motar suna kan taga, ban san me ya sa ban zubar ba. Shi kuma wasu Asabar ɗin yakan tare keke ya tafi rumfar dattijon, ya zauna yana goge wa ludaya gemu da magagari, suna musu a kan ƙarfen da da na yanzu. Yakan dawo da garin dalma a jiki, ni ce mai sharewa. Wasu Asabar ɗin kuma ba ya tashi. Wadda ta wuce bai fita ba, ya ce ƙafar da babu ce take masa ciwo. Ta jibi ban sani ba. Na dai matso da sandunan daga bayan ƙofa, na jingine su inda hannunsa zai kai.